Godiya ga Manoman Daliya na Holan da Duk Wanda Ya Sa Hannu a Ziyararmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, mun je lafiya mun dawo lafiya. A madadin 'yan'uwa mazauna Holan, ɗalibai da magidanta da iyalansu, waɗanda muka haɗu muka zagaya gonakin furen daliya a farkon Satumban nan, ina miƙa godiya ga mutanen da suka buɗe mana ƙofofinsu a lokacin da aiki ya fi yi musu yawa. Ba zan kama sunan kowa ba tunda ban nemi izininsu ba, amma duk wanda ya karanta zai gane kansa.

Godiyata ta farko ga dattijon nan ne na kusa da garin Lisse, wanda tun kafin mu bar gonarsa yaranmu suka koma kiransa Baba, shi kuma ya amsa. Gonarsa tana cikin yankin nan na tsakanin Haarlem da Leiden, bayan tuddan rairayin bakin teku, inda ƙasar jigawa ce mai saurin tsanewa. Duniya ta san yankin da furen tulip, kuma baƙi kan yi tururuwa zuwa lambun Keukenhof daga Maris zuwa Mayu, da ya rufe kowa ya watse. Kaɗan ne suka san cewa idan Agusta ta kama, wasu daga cikin filayen nan sukan sake rinewa da launi, su ci gaba da haka har sanyi ya sauko.

Baba bai bar mu mun fara da kallon fure ba. Rumfar ajiya ya fara kai mu, ya ɗauko saiwar da ta rage masa daga shukar bana ya ɗora a kan tebur. Curi ne na 'ya'ya masu tsawo da suka haɗu a gindin kara ɗaya, wanda duk ya taɓa tonon dankalin Hausa zai ce shi ne. Ya nuna mana wuyan kowace ɗaya, inda ta manne da karan bara, ya ce mu duba da kyau. A nan ido yake, ɗan ƙurji ƙarami da za ka iya wucewa ba ka lura ba. Saiwa komai ƙibarta, idan aka ɓalle ta babu wannan idon, ko wuyanta ya karye, ba za ta tsiro ba har ta ruɓe. Daga nan ya warware mana shekararsa kaf. Tun cikin hunturu ake jera iyayen saiwa a ɗaki mai ɗumi su yi toho, a yanki tohon a dasa ya yi jijiya. Ba a fitar da dashen fili sai tsakiyar Mayu ta wuce, domin daren sanyi ɗaya ya isa ya ƙone shi. Da rani kuma sai a bi kunya-kunya ana neman wadda cuta ta kama, mai ganye da dabbare-dabbaren rawaya ko wadda ta tsumbure, a tumɓuke ta a fitar, domin darɓa na ɗaukar cutar daga wannan ta kai wa waccan, kuma babu maganinta. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne a babban filinsa, inda yake noma don sayar da saiwa, da gangan yake bi da inji yana aske kawunan shukar, fure da toho duka, don ƙarfin ya koma ƙasa. Wata 'yar'uwarmu har salati ta yi da ta ga furanni zube a kwarin kunya. Ya ce mata ta yi haƙuri, don irinta ne ya ware ɗan fili a gefe da ba ya taɓawa.

Wannan ɗan filin kuwa, masha Allah. Na san hotuna sun zagaya, amma hoto bai kawo rabin abin ba. Akwai daliyar da ake kira Café au Lait, wadda aka fitar a nan Holan a 1967, faɗinta ya kai tafin hannu biyu, launinta tsakanin madara da ruwan hoda, kuma da wuya ka ga biyu a gindi ɗaya sun yi kala ɗaya sak. Ita ce amaren Turai da Amurka ke rububi a yanzu. Kusa da ita Arabian Night, ja ne da ya nuna har ya doshi baƙi. Can gaba Kelvin Floodlight, rawaya garau, ta rufe fuskar yaron da ya tsaya bayanta. Sai 'yan ƙanana masu zagaye irin su Franz Kafka, waɗanda kowane ganyen furen ya naɗe ya zauna a gurbinsa, sahu bayan sahu, babu wanda ya goce. Ni dai idan aka ce in zaɓa, Bishop of Llandaff zan ɗauka, tsohon iri da wani mai lambu ya fitar a Cardiff ta ƙasar Wales a shekarun 1920. Ganyenta duhu ne kamar an rina, furen ja wur, tsakiyarsa a buɗe, kuma a kanta na ga ƙudan zuma sun fi taruwa. Manyan nan masu cika sun fi ɗaukar ido, amma ƙudan zuma ba ya samun hanyar shiga cikinsu, ga shi ruwan sama na yini ɗaya kan sa su sunkuya.

Na gode wa Baba musamman da haƙurin da ya yi da tambayoyinmu. Wani ƙanenmu ya tambaye shi ina shuɗiya, ya ce babu ita, an fi ƙarni ana nema ba a samu ba, domin shukar ba ta yin sinadarin da ke ba da wannan launi. Wata ta sunsuna ta ce ba ƙamshi, ya ce haka ne, yawancinsu ba su da shi. Aka tambaye shi ko a ɗebi iri a shuka, ya ce a shuka mana, amma kada a sa ran ganin uwar. Yawancin shuke-shuke jeri biyu na ƙwayoyin gado suke da shi, daliyar lambu kuwa takwas gare ta, shi ya sa kowane ƙwayar iri ke fitowa da kamanninsa dabam. Wanda yake son irin da ya gani, sai dai saiwa ko yankan toho. Wannan ne dalilin da ya sa ire-iren da aka yi wa rajista suka haura 50,000.

Ga malamarmu kuma, wadda ta bar hutun ƙarshen makonta ta raka mu, ta yi mana tafinta a inda Holancinmu ya gaza, Allah ya saka da alheri. A mota ta ba mu tarihin furen, kuma ban ga wanda ya yi gyangyaɗi ba. Asalinsa tsaunukan Meziko ne da Amurka ta Tsakiya, inda mutanen Aztec suka san shi, har suna cin saiwarsa. A 1789 Vicente Cervantes ya aika da irinsa daga birnin Meziko zuwa lambun sarki a Madrid, a can Antonio José Cavanilles ya raine shi, ya raɗa masa sunan daliya a 1791 don tunawa da Anders Dahl, masanin tsirrai ɗan Suwidin, almajirin Linnaeus. Holan ma tana da nata kason. A 1872 wani mai lambu a yankin Utrecht, van der Berg, ya karɓi kaya daga Meziko, kusan duka sun lalace a hanya, sai ɗan guntun saiwa guda da ya tsira. Ya fito da jan fure mai ganye sirara a naɗe masu tsini, aka sa masa sunan Benito Juárez, shugaban Meziko da ya rasu a shekarar, kuma daga gare shi aka samo jinsin nan masu tsini da muka gani layi guda a gonar Baba. Meziko ta ayyana daliya a matsayin furen ƙasa a 1963. Da malamar ta ce dangi ɗaya suke da latas da shuwaka, sai da Hajiya ta sa aka maimaita mata.

Sai mutanen Zundert, can kudu a bakin iyakar Beljiyam, garin da aka haifi mai zanen nan Vincent van Gogh a 1853. Tun 1936 suke yin jerin gwanon furanni, yanzu a Lahadin farko ta kowane Satumba, kuma a 2021 UNESCO ta sa wannan al'ada ta Holan cikin jerin gadon al'adun duniya. Unguwanni 20 ne ke gasa, kowace ta gina abin mamaki a kan ƙafafun mota, tsawonsa kan kai mita 19, tsayinsa mita 9, a lulluɓe shi da daliya. Mu ranar Asabar muka je, jajiberin bikin, kuma ina ganin mun fi waɗanda suka je ranar Lahadi riba. Kowace unguwa tana da gonarta ta daliya, kuma galibi tsofaffin unguwar ne ke kula da ita tun daga shuka. Mun tarar da su tun da sassafe cikin raɓa, suna tsinko kan furen kaɗai babu kara, suna cika akwatuna. A cikin wata doguwar rumfa kuma ɗaruruwan mutane ne, wasu a zaune suna soka 'yar ƙusa a tsakiyar kowane fure, wasu a kan tsani suna kafawa ɗaya bayan ɗaya. Dole sai a kwanakin ƙarshe ake wannan aiki don kada furen ya yi yaushi, saboda haka wasunsu kwana suke yi a tsaye. Babu wanda ake biya ko sisi.

A cikin wannan hali ne wata tsohuwa ta matsa ta ba mu wuri a bencinta, ta tura mana kwanon ƙusoshi, ta kama hannun 'yata ta nuna mata yadda ake sokawa ba tare da furen ya tarwatse ba. Iya, ba mu ji yaren juna sosai ba, amma mun gode. Mun gode wa matashin da ya lura muna duba agogo, ya tambaya, ya kai mu wani ɗaki mai tsabta a bayan rumfar muka yi azahar, ya tsaya a ƙofa har muka idar. Mun gode wa matan kicin da suka ware mana burodi da cuku da miyar kayan lambu, suka faɗa mana abin da ke cikin kowace tukunya tun kafin mu tambaya. Mutanen da ke cikin gasa, lokaci na ƙure musu, ba dole ba ne su kula da baƙon da ba su gayyata ba. Sun kula.

Akwai kuma wasu mata da miji, 'yan fansho, masu ɗan lambu a bayan gari, irin filayen nan da ake ba mutane haya su yi noman sha'awa. Ba su sayar da komai. A wajensu na koyi abubuwan da mai shuka biyu ko uku a tukunya yake buƙata. Idan shukar ta kai kamar taƙi ɗaya da rabi, a tsinke kanta don ta yi rassa. A kafa mata sanda tun ranar shuka, domin karan rami ne a ciki, iska na karya shi, kuma idan aka bari sai daga baya sandar na iya huda saiwar. Dodon-koɗi ne babban abokin gaba lokacin da toho ke fitowa. Wanda yake son fure ya ɗore har Oktoba, ya riƙa cire waɗanda suka gama. Wanda bai buɗe ba zagayayye ne mai tauri, wanda ya gama kuwa kansa da tsini yake kuma da laushi, a kula kada a cire na farkon. Uwargidan ta yanko wa kowace mace a cikinmu damin fure, ta ce a yanka shi bayan ya buɗe, domin ba ya ƙara buɗewa a cikin ruwa, kuma kwana huɗu zuwa biyar ne ƙarkonsa. Shi ya sa ba a cika yi masa doguwar tafiya a jirgi ba kamar furen wardi da ake kawowa kasuwar furanni ta Aalsmeer a nan Holan daga Kenya da Habasha. Wanda yake son ganin daliya a kan ganiyarta, sai ya taka ya je inda take.

A cikin gida kuma, Yaya da ya ba da motarsa ya kuma tuƙa mu, Allah ya ƙara buɗi. Hajiya da ta tashi tun asuba ta soya mana ƙosai da cincin na hanya, har manoman suka ɗanɗana suka nemi ƙari, Allah ya ba da lada. Ƙannenmu ɗalibai da suka riƙe yara a bakin magudanan ruwa, suka hana su tattake kunyoyin mutane, Allah ya ba ku sa'ar karatu. Iyayen da suka amince suka ba mu 'ya'yansu, mun gode da yardar. Waɗanda aiki ya hana zuwa amma suka sa hannu a kuɗin mai, ba mu manta da ku ba.

Ina da roƙo ɗaya ga 'yan'uwa. Waɗanda suka ɗauki hotunan da fuskokin masu gonakin suka fito, don Allah kada a sa a Facebook ko WhatsApp sai an tambaye su, mutanen nan suna kula da wannan sosai, kuma ba na so alherin da suka yi mana ya zame musu abin da-na-sani.

Mata da mijin nan sun ce idan sanyin farko ya baƙanta ganyen, wajen ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, za su yanke kara su tone saiwar, su kife ta ta tsane, su jera a akwatuna cikin dusar katako a wurin da ba ya daskarewa. Aiki ne mai cin baya, su kuma shekaru sun ja. Na yi musu alkawarin za mu zo da hannaye. Duk mai iko ya sanar da ni da wuri don mu san yawan motocin da za a nema, kuma a zo da takalmin roba da safar hannu, ƙasar za ta yi sanyi.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ba manoman nan lafiya da albarkar gona, amin.