Hawan Hada da motar Kawu

Zafin Makka ne ya kore mu zuwa Ɗa'if. Kawu ya ce kafin mu kama hanya sai an yi wa motarsa juyen baƙin mai, saboda haka muka biya wani gareji da hantsi. Bakaniken Bahaushe ne, haifaffen Makka, Hausarsa na cakuɗe da Larabci.

Da aka gama juye, Kawu ya ce, "Ɗan uwa, sa mata kwamfuta." Na ce, "Kawu, ai fitilar inji ba ta kunna ba." Ya ce in bari in gani.

Mutumin ya durƙusa, ya laluba ƙasan sitiyari, ya cusa na'urarsa a wata kafa mai rami 16. Wannan kafa ita ce OBD-II, wadda Amurka ta wajabta wa motoci tun 1996. Can sai ga P0302 a allo. Ya ce P na nufin ɓangaren inji da giya, lambar kuma tana cewa silinda ta biyu tana tsallake wuta jefi-jefi. Motar ta rubuta ta ajiye, matsalar ba ta dai maimaitu har ta kunna fitila ba.

Yaron garejin ya ce a goge kawai mu tafi. Maigidansa ya harare shi. Ya cire koyil ɗin silinda ta biyu, wato abin da ke ba fulogi wuta, ya musanya shi da na ta uku, ya goge lambar, ya zaga da motar. Da ya dawo sai ga P0303, wato silinda ta uku. Laifin ya bi koyil, ke nan ba fulogi ba ne. Aka sa sabo.

Sai da muka fara hawan Hada, hanyar dutsen da ke kaiwa Ɗa'if, na gane abin da Kawu ya hango. Hanyar nan lanƙwasa ce kan lanƙwasa, dutse a gefe guda, rami a ɗaya gefen, inji na gurnani a ƙaramin giya. Mun wuce wata mota a gefen titi, bonet a ɗage, yara na zaune a inuwarta, gwagguna na leƙensu daga kan duwatsu. Na daɗe ina waiwayensu.

Muna kaiwa sama Kawu ya kashe na'urar sanyi, ya sauke gilashi. Muka tsaya wajen masu rumman, ya sayi kwando guda don mutanen gida.