Kanchipuram da safe, Mahabalipuram da yamma: yadda sabon zuwa Chennai zai shirya yinin

Duk Bahaushen da ya zauna a Chennai, a kudancin Indiya, ko karatu ne ya kawo shi, ko jinyar ɗan'uwa, ko harkar kaya, ba ya daɗewa sai an kawo masa tayin tafiyar yini guda zuwa tsofaffin wuraren bautar Hindu. Makarantu suna shirya wa ɗalibansu 'yan ƙasashen waje, direbobin da ke jira a ƙofar masauki suna tallarta, hukumar yawon buɗe ido ta jihar Tamil Nadu, wato TTDC, ita ma tana da motar da ke yin zagayen. Tafiya ce da ta cancanci a yi, domin wanda bai ga waɗannan wurare ba ba zai gane rabin abin da maƙwabtansa ke yi a gabansa kullum ba, daga farin zanen da mata ke yi a ƙofar gida da asuba har tokar da abokin karatunsa ke zuwa da ita a goshi. Amma yinin yana lalacewa cikin sauƙi, kuma galibi a wajen tsara shi ake ɓata shi.

Garuruwan biyu ne, kuma ba iri ɗaya ba ne. Kanchipuram tana kimanin kilomita 75 kudu maso yammacin Chennai, kuma manyan haikalanta a raye suke, ana ibada a cikinsu kowace rana. Mahabalipuram, wadda hukuma ke rubuta wa Mamallapuram, tana bakin teku, wajen kilomita 55 zuwa 60 kudu da birnin, kuma shahararrun gine-ginenta kayan tarihi ne a hannun hukumar adana kayan tarihi ta Indiya, ASI. Tsakanin garuruwan akwai kimanin kilomita 65 ta Chengalpattu, don haka zagayen duka ya kusa kilomita 200. Haikalan da ake ibada a ciki suna rufe ƙofa da tsakar rana, wajen sha biyu zuwa sha biyu da rabi, ba sa buɗewa sai wajen ƙarfe huɗu. Wuraren ASI na Mahabalipuram kuwa a buɗe suke tun shida na safe har shida na yamma. Saboda haka Kanchipuram ake fara zuwa. Direban da ya ce a fara da bakin teku don safiya ta fi sanyi, zai kai ku Kanchipuram ƙarfe ɗaya ku tarar da ƙofofi a garƙame, daga nan sai shagon siliki.

A bar Chennai ƙarfe shida, kafin motocin ma'aikatan masana'antun Sriperumbudur su cika hanya. A Sriperumbudur ɗin ne aka kashe tsohon firaministan Indiya Rajiv Gandhi a 1991, kuma wurin tunawa da shi yana gefen titi. Idan motar haya kuka ɗauka, a yi ciniki a kan jimla tun dare: kuɗin kilomita, kuɗin tolget, kuɗin ajiye mota, da alawus ɗin direba na yini da suke ce wa bata. Wanda bai ambaci waɗannan ba, da yamma zai ji su ɗaya bayan ɗaya. Mai rakiya ma haka: a nemi ganin katin shaidarsa, a yanke kuɗinsa da wuraren da zai kai ku, a gaya masa tun farko cewa ba ku zo ibada ba, kallo da neman sani ne ya kawo ku. Wannan jimla guda tana kawar da rabin matsalar yinin.

A Kanchipuram, idan lokaci ya ƙure har sai an zaɓi wuri ɗaya, a zaɓi haikalin Kailasanathar. Shi ne mafi tsufa a garin, sarkin daular Pallava Narasimhavarman na biyu, wanda ake kira Rajasimha, ya gina shi wajen shekara ta 700, yana hannun ASI, ba a biyan kuɗin shiga, kuma ba shi da cunkoso. Ginin ba shi da tsawo sosai, an yi shi da dutse mai laushi, ginshiƙansa zakuna ne tsaye da ƙafafun baya. A jikin katangar farfajiyar akwai ƙananan ɗakuna 58 a jere. Ka durƙusa ka leƙa cikin waɗanda rana ba ta taɓawa, za ka ga ragowar fenti ja da kore da rawaya a kan farar shafe, shaidar cewa da can duk ginin a fente yake. Ana zagaya farfajiya ne haikalin yana hannun damanka. Wanda ya bi ta ɗaya hannun zai yi ta karo da mutane.

Daga nan sai haikalin Ekambareswarar, mai hasumiyar ƙofa da ta kusa mita 60, wadda sarkin daular Vijayanagara Krishnadevaraya ya gina a 1509, ko kuma Varadharaja Perumal, inda akwai zauren ginshiƙai ɗari da sarƙoƙin da aka sassaƙa daga dutse, zobe cikin zobe. A waɗannan ne ake bukatar sanin iyaka. A Janairun 2024 babbar kotun Madras ta ba da umarnin a kafa alluna a haikalan jihar da ke cewa wanda ba Hindu ba ba zai wuce sandar tuta ba, wato doguwar sandar nan mai rufin tagulla da ke tsaye a gaban babban ɗakin bauta. Yadda ake aiwatar da umarnin ya bambanta daga wuri zuwa wuri, amma kai dai ka tsaya inda allo ko mai gadi ya ce. Idan wani ya ce ka ba shi kuɗi ya shigar da kai ta gefe, kada ka yarda. Baƙar fata ba ta ɓuya a cikin taro, kuma kai za a tsare da tambaya, shi ya sulale.

Takalmi ana cire shi tun daga ƙofar waje, akwai masu ajiya a kan ɗan canji kaɗan. Daga ƙarfe goma dutsen daɓen yana ƙuna ƙwarai, don haka a zo da safa mai kauri, a cire ta kawai inda aka ce a cire. Kaftani da dogon wando sun wadatar, doguwar riga da mayafi ma haka. Gajeren wando da riga mara hannu ne ke jawo magana. Ba a ɗaukar hoton cikin ɗakin bauta, kuma ba a nuna gunki ko mutum da tafin ƙafa idan an zauna hutawa.

Abin da ya fi damun Musulmi da Kirista daga cikinmu shi ne lokacin da mai hidimar haikali ya miƙo faranti mai fitila, da farar toka, da jan gari, ko ya miƙo abincin da aka riga aka gabatar wa abin bautarsu. Ba a tilasta wa kowa. Ka ɗora hannun dama a ƙirji, ka ɗan ja baya da murmushi, shi ke nan, sai ya wuce. Abin da ke ɓata musu rai shi ne mutum ya karɓa sannan ya zubar a gabansu, ko ya yi dariya yana nuna gumaka da yatsa. Haka kuma kada ka bari a rataya maka furanni ko a ɗaura maka zare a hannu a bakin ƙofa, domin da zarar ya hau jikinka an gama ciniki, saura biya.

Silikin Kanchipuram sananne ne a duk Indiya, kuma mai rakiya zai so ya kai ku wani shago da ya ce na masaƙa ne. Yana da kamisho a ciki, a kan kuɗinku za a ɗora. Mai son saye ya nemi shagunan ƙungiyoyin masaƙa, ya duba tambarin Silk Mark, ya kuma juya zanen ta baya: a na gargajiya, jiki daban ake saƙawa, baki daban, sannan a sarƙe su, kuma ana ganin layin haɗin. Minti arba'in ya isa. Awa biyu a shago yana nufin an yi asarar ganin Ratha Biyar, wato ƙananan haikalan dutse biyar na Mahabalipuram.

A ci abincin rana a Kanchipuram ko a hanya. Yawancin gidajen abincin da ke kusa da haikali ba sa dafa nama sam, don haka a cikinsu babu fargabar yanka. Za a shimfiɗa maka ganyen ayaba, a zuba shinkafa, da miyar sambar, da rasam mai tsami da yaji, da kindirmo a ƙarshe. Da hannun dama ake ci, kuma suna ƙari har sai ka ce ya isa. Ruwa na gora kawai, a duba murfin bai taɓu ba, farashin yana rubuce a jiki. Ga salla, akwai masallatai a garuruwan biyu da kan hanya. Ka ce masjid, ko pallivasal da Tamilanci, za a nuna maka. A tuna cewa alƙibla a nan yamma take, ta ɗan karkata arewa, jiki kuwa ya saba juyawa gabas. Ranar Juma'a ba ta dace da wannan tafiya ba, Lahadi kuma mutanen Chennai ne ke cika bakin teku.

Wajen ƙarfe biyu da rabi ya kamata a shiga Mahabalipuram, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1984. Tikiti ɗaya ne ke shigar da mutum wuraren ASI na garin a rana guda, kada a yar da shi bayan ƙofar farko. A 'yan shekarun nan ɗan ƙasa yana biyan rupi 40, baƙo 600, yaro ƙasa da shekara 15 kyauta. Katin makaranta ko takardar izinin zama ba sa mayar da ɗan Najeriya ko ɗan Nijar ɗan ƙasa a wajen mai yankan tikiti, gardama ɓata lokaci ce. Wani lokaci akan ce a saya ta waya, wanda kuma bai buɗe asusun banki a Indiya ba da wuya ya iya biya ta UPI, tsarin biyan kuɗi ta waya na ƙasar. Ya sa mai rakiya ya biya, ya ba shi a hannu. A riƙe ƙananan takardun kuɗi, da kwafin fasfo da biza da takardar rajistar FRRO, ofishin rajistar baƙi, ga wanda yake da ita.

A fara da Ratha Biyar, aikin zamanin Narasimhavarman na ɗaya, wanda ya yi mulki daga 630 zuwa 668. Ba gini ba ne, kowane ɗaya daga dutsen da ke wurin aka fafe shi, daga sama zuwa ƙasa, kuma ba a gama su ba. Shi ya sa rufin ya fito tsaf da ado, ƙasan kuwa har yanzu akwai sawun kurfi. Akwai giwa a gefe, girmanta kamar mai rai, ita ma daga dutse guda.

Inda ya kamata a daɗe shi ne babban sassaƙen jikin dutse da ake kira Tuban Arjuna ko Saukowar Kogin Ganga, mai tsawon kusan mita 29 da tsayin mita 13. Mai rakiya zai yi ta bayanin alloli da mai zuhudun da ke tsaye da ƙafa ɗaya, haƙarƙarinsa a waje. Ka saurare shi, sannan ka duba ƙasa, kusa da hauren babbar giwar da ke cikin sassaƙen: ga kyanwa tsaye da ƙafafun baya, hannuwa sama, tana kwaikwayon mai zuhudun, ɓeraye sun kewaye ta sun yarda da ita. Masassaƙan ƙarni na bakwai sun san malamin ƙarya. A zauren Krishna da ke gefe kuma akwai makiyayi tsugune yana tatsa, ƙwarya tsakanin gwiwoyi, saniyar ta juyo tana lasar ɗan maraƙinta. Wanda ya taɓa kwana a ruga zai ce jiya aka zana shi. Bayan tudun akwai dunƙulen dutsen nan mai tsayin kusan mita 6 da ke tsaye a kan gangara kamar zai mirgino. Birai sun yi yawa a wajen, suna fizge leda da gorar lemo, a sa komai cikin jaka mai zip.

Haikalin Bakin Teku shi ne na ƙarshe, a shiga kafin biyar da kwata. Shi ma na Rajasimha ne, an gina shi da tubalan dutse, ɗakuna uku na allolinsu, biyu na Shiva, ɗaya na Vishnu a kwance. Iskar gishiri ta cinye fuskokin shanun dutsen da ke jere a katanga, shi ya sa aka tare teku da manyan duwatsu da itatuwa, ma'aikata kuma kan manna jiƙaƙƙiyar takarda a jikin ginin ta tsotse gishirin. Kada a shiga ruwan da ke gefen, igiyarsa tana ja da ƙarfi.

'Yan makaranta da iyalai za su nemi hoto da kai, wasu su taɓa gashi ko mayafi ba tare da tambaya ba. Mafi yawa son sani ne. Ka yarda da ɗaya idan ka so, amma ka sani layi zai biyo baya. Masu sassaƙa suna nan birjik a titunan garin, wanda ba ya son gunki zai samu ƙaramin turmin dutse na daka yaji. Duk wanda ya ce kayansa tsoho ne na tarihi, ko ƙarya yake yi, ko yana jawo maka laifi, domin dokar 1972 ta hana fitar da kayan tarihin da suka haura shekara 100 daga ƙasar.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu, ban da kwanakin bikin girbi na Pongal a tsakiyar Janairu. Daminar Chennai daga Oktoba zuwa Disamba take, kuma guguwar teku kan rufe hanya. Daga Afrilu zuwa Yuni kuma zafi da gumi suna kayar da mutum ko da ya saba da ranar Sakkwato, saboda iskar a jiƙe take. Mai jinyar da aka yi wa aiki kwanan nan ko mai ciwon suga da ba ya jin tafin ƙafarsa sosai kada a kai shi Kanchipuram ya taka dutse mai zafi ba takalmi. A kai shi Mahabalipuram kaɗai, inda ake yawancin zagayen da takalmi, bayan likita ya amince. A kama hanyar bakin teku ta komawa da ƙarfe shida, awa ɗaya da rabi zuwa biyu ce idan ba a haɗu da cunkoson shiga gari ba.