Tattaki a kwarin Markha, ƙasar Ladak

Kamfanonin yawon buɗe ido suna tallata Ladak da kalmomi masu sanyaya zuciya: hutun rai, wanke jiki, natsuwa a wuraren ibadar mabiya addinin Buda. Na zuba kuɗina na bi irin wannan tafiya, kuma tukuicin farko da ta ba ni ciwon kai ne. Daga Delhi awa ɗaya da 'yan mintoci jirgi ya sauke mu a Leh, babban garin yankin, can ƙuryar arewacin Indiya, kimanin mita 3,500 sama da teku. Chappal Waddi, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Wato kana tsaye a kasuwar Leh kana cinikin ruwan sha, ka zarce ƙololuwarsa da fiye da mita 1,000. Duk numfashin da ka ja, wajen kashi biyu cikin uku yake kawo maka na iskar da huhu ya saba samu a bakin teku. Shi ya sa hukuma take umartar baƙon da ya zo ta jirgi ya huta awa 48 kafin ya ƙara hawa ko'ina. Hawan benen masauki kaɗai sai da na tsaya a tsakiya na dafa bango.

Akwai maganar da ban gani a takardar talla ko ɗaya ba, alhali mu ta fi shafa. Mai jinin AS, wanda a gida lafiyarsa ƙalau ba ya jin komai, a irin wannan tudu ƙarancin iska na iya sa jini ya toshe masa a saifa, ciwo ya turnuƙe shi a gefen hagu na ciki. Likitoci sun daɗe da sanin haka, kuma masu AS a cikinmu ba su ƙirguwa. Mai sikila kuwa ba a ma fara maganar. Duk wanda zai tafi ya san rukunin jininsa, ya zauna da likita tun kafin ya sayi tikiti. Ni likitana ya rubuta mini ƙwayar Diamox, maganin rigakafin ciwon tsauni, ya kuma ja mini kunne cewa in ciwon kai ya haɗu da amai da tangaɗi, maganin kawai shi ne saukowa ƙasa.

Kwanakin hutun nan a cikin gari na yi su, ina tafiya kamar mai tausayin ƙasa. A ƙarshen babbar kasuwa, ƙarƙashin tsohuwar fadar sarki Sengge Namgyal mai hawa tara, akwai masallacin Juma'a da aka fara ginawa wajen 1666, bayan yarjejeniya tsakanin sarki Deldan Namgyal da sarkin Mugal Aurangzeb. Masu talla ba su cika ambatonsa ba, domin yana ɓata musu hoton ƙasar Buda zalla. Kusan rabin mutanen Ladak musulmi ne, galibinsu 'yan Shi'a a gundumar Kargil, kuma a Leh akwai zuriyar fatake daga Kashmir da Yarkand da suka auri matan gari. Mahauta ma yawanci musulmi ne, don mabiya Buda suna cin nama amma suna ƙyamar yanka, saboda haka naman halal bai yi mini wuya a gari ba. Zaman nasu ba kullum yake lami lafiya ba: daga 1989 zuwa 1992 an yi ƙauracewar da ta hana mabiya Buda hulɗa da musulmi, har ta raba dangi. Jagoranmu, mabiyin Buda wanda ke da 'yan uwa musulmi ta wajen uwa, ya taɓo zancen a taƙaice ya sauya hira.

Da asuba ya kai mu Thiksey, kilomita 19 daga Leh, gini mai hawa 12 da aka jera a jikin dutse. Wasu samari biyu suka hau rufi suka busa ƙatuwar dodon koɗi, sannan lamomi, wato malaman addinin, suka zazzauna layi layi cikin jajayen mayafai suna karatu da murya mai kauri, ana kaɗa ganga jefi jefi. Ƙananan yara masu koyo suna ta kai da komo da butocin shayi, wani yana hamma, wani yana tsokanar na kusa da shi. A wani ɗaki akwai mutum-mutumin Maitreya, Budan da suke jiran zuwansa, mai tsawon mita 15, an gina shi don tunawa da ziyarar da Dalai Lama, babban jagoran addininsu, ya kawo a 1970. Na cire takalmi na zauna a bayan ɗaki a matsayin baƙo. Ban rusuna ba, ban juya gangar addu'a da suke juyawa don neman lada ba, ba kuma wanda ya nemi in yi. Abin da ya dame ni wasu abokan tafiya ne, da suka miƙe ƙafafu suna fuskantar mutum-mutumin, abin da a nan rashin ladabi ne, suna ɗaukar kansu hoto ido a rufe wai suna tunani mai zurfi. Mutane suna ibadarsu da gaske, kai kuma ka mayar da su kayan ado.

Tattakin kansa ya fara ne bayan mun haye kogin Zanskar kusa da Chilling, muka shiga kwarin Markha ta ƙauyen Skiu. Kwarin yana cikin gandun dajin Hemis, wanda aka kafa a 1981, mazaunin damisar ƙanƙara. Ba mu gan ta ba, da rani can sama take tafiya, sai dai tumakin daji masu launin toka da take farauta muka gani suna tsaye a gefen dutsen da ko ƙadangare zai yi shakkarsa. Ƙasar busasshiya ce ƙwarai. Tsaunukan Himalaya suna tare gajimaren damina, ruwan da ke sauka a Leh duk shekara wajen milimita 100 ne kacal. Koren da za ka gani, gonakin sha'ir ne da itatuwa a bakin rafi, sauran duk jan dutse da ruwan ƙasa.

A kan hanya ne na fara gane yadda addinin ya shiga rayuwarsu. Bakin kowane ƙauye akwai doguwar katanga ta duwatsu da aka sassaƙa wa addu'ar om mani padme hum, hanya kuma sai ta rabu biyu a gabanta, domin ana bin ta hagu ne a bar katangar a dama. Har dawakan da ke ɗauke da kayanmu sun san hakan, ba sai an ja su ba. A mashigin tsauni da kan gada an rataya tutoci masu launi biyar, shuɗi da fari da ja da kore da rawaya, suna ganin iska tana kwasar addu'ar da ke jiki ta kai wa halittu. Kusa da Umlung akwai ɗan ƙaramin wurin ibada na Techa a maƙale a saman dutse, hawansa ya ci mini numfashin da na yi ta tanadi tun safe.

Ba a tanti muka riƙa kwana ba, a gidajen mutanen ƙauye ne. Tsarin nasu ya burge ni: gidaje suna karɓar baƙi bi da bi, don kada gidan da ke bakin hanya ya kwashe kuɗin duka. Ƙungiyoyin kare damisa ne suka taimaka aka fara shi, domin makiyayin da damisa ke kashe wa awaki ya samu dalilin barinta da rai. A ƙauyen Markha uwar gidan da muka sauka, wadda kowa ke ce wa Ama-le, wato inna, ta zaunar da mu a ɗakin girki mai jere da tukwanen tagulla, ta kawo shayin man shanu da gishiri, da garin soyayyen sha'ir da ake damawa a ciki da yatsa. Kurɓin farko sai da na runtse ido. A al'adarsu baƙo yakan ce ya ƙoshi sau biyu ko uku kafin ya karɓa, irin karar da muke yi a gidan surukai, don haka duk "na gode" da na ce, ƙara cika mini kofi take yi. Sai da jagoranmu ya nuna mini in rufe bakin kofin da tafin hannu. Da aka fito da chang, giyar sha'ir, shi ne ya yi mata bayani cewa ba na sha. Ta ce, "To, nono-le, shayi ne rabonka," ta sake cika kofin (nono-le a harshensu ƙane ke nan).

Da na nemi wurin salla ta share mini gefen ɗakin baƙi ta shimfiɗa darduma mai kauri. Alƙibla tana yamma, ta ɗan karkata kudu. Ruwan alwala kuwa narkakkiyar ƙanƙara ce, sai ka yi ta maza. Ita ma tana da nata ɗakin ibada a saman gida, inda kowace safiya take cika ƙananan kwanoni bakwai da ruwa, da yamma ta zubar. Kafin mu farka ta gama wannan, ta tatsi saniya, ta buɗe wa gonarta ruwa.

Ruwan nan shi ne ransu. Daga ƙanƙarar kan tsauni yake narkowa ya bi ƙananan magudanai, ƙauye kuma yana da mai rabon ruwa da ake kira churpon, shi ke faɗin gonar da za ta sha yau da wadda za ta jira. Lama ke duba ranar fara shuka. Banɗaki ma busasshe ne, rami ne a bene ana zuba ƙasa da shebur bayan an gama, shekara ta zagayo a kwashe a kai gona taki. Wata baƙuwa a cikinmu ta yi ta ƙorafi a kan haka, alhali ita ce ta fi kowa zancen komawa ga rayuwar asali.

Daga ƙauyen Hankar hanya ta miƙe sama zuwa Nimaling, makiyaya mai faɗi a kimanin mita 4,800, ƙarƙashin tsaunin Kang Yatse, inda mutanen kwari ke kai yak, shanun tsauni masu dogon gashi, da tumaki da rani. Nan kam a tanti ne, kuma barci bai yiwu ba, da ka fara gyangyaɗi sai ka zabura kana haki. Washegari muka hau mashigin Kongmaru La, sama da mita 5,200. Jagoranmu ya hana kowa sauri, taku kaɗan a tsaya a numfasa. Wani matashi ɗan wasan guje-guje da ya riƙa wuce mu tun daga Skiu, a kan doki aka ƙarasa da shi. Ciwon tsauni bai san ƙarfi ba. Saukowa ta kwazazzabon da ke kaiwa Chokdo ta fi wahalar da gwiwa, ga tsallaken rafi ba adadi.

Lafiyar da ake talla, akwai ta, amma ba daga turaren wuta ko zaman rufe ido na same ta ba. Tafiyar yini ce a ƙasa, da abinci marar maiƙo, da kwanciya da wuri, da waya da ta zama fitila kawai, don babu sabis a yawancin kwarin, kuma layin da ake sa wa kati na wasu jihohin Indiya ma ba ya aiki a Ladak. Duk tsarin da aka ce maka za a kai ka mashigin tsauni kwana biyu da sauka, guje shi, komai yawan darasin motsa jikin da aka haɗa a ciki. Lokacin tafiya daga Yuni ne zuwa Satumba, a riƙe tsabar kuɗi, a kuma tambaya tun farko nawa ne ke isa hannun masu gida da masu dawaki.

Sai a 1974 aka buɗe Ladak ga 'yan yawon buɗe ido, yanzu kuma hanyar mota ta kutsa cikin kwarin Markha har ta wuce Skiu. Abokan tafiyata sun yi ta juyayi, wai an ɓata wurin. Na sa jagoranmu ya tambayi Ama-le ra'ayinta. Ta ce ta san mota za ta rage masu kwana a wasu ƙauyukan, tunda baƙi za su riƙa wucewa a guje, kuɗin gida kuma zai ragu. Amma ta ce a da, mace in haihuwa ta zo mata da gardama, a kan doki ko a kafaɗar maza ake fitar da ita daga kwarin kafin a samu motar asibitin Leh, kuma surukarta tana da ciki wata bakwai.