Rijiyar Macondo da abin da ta koya mini game da alhakin kamfani

A kwas ɗin kiyaye haɗura na aikin haƙar mai, babu labarin da muka daɗe a kansa kamar na rijiyar Macondo. Ranar 20 ga Afrilu 2010 iskar gas ta ƙwace daga cikin rijiyar, ta hau dandamalin haƙa mai suna Deepwater Horizon a mashigin tekun Meziko, kusan kilomita 66 daga gaɓar jihar Luwiziyana ta Amurka, ta kama da wuta. Ma'aikata 11 suka rasu. Bayan kwana biyu dandamalin ya nutse, bakin rijiyar kuma yana can ƙasa, zurfin ruwa kusan mita 1,500, yana aman ɗanyen mai. Kwana 87 ya yi yana zuba kafin a toshe shi ranar 15 ga Yuli.

Wata takarda da aka rubuta tun kafin haɗarin ta fi wutar da aka gani a talabijin tsaya mini a rai. Tsarin da kamfanin mai na BP, mai rijiyar, ya miƙa wa hukuma kan yadda zai tunkari malalar mai ya lissafa dabbar walrus cikin halittun da za a kare, alhali dabba ce ta yankunan ƙanƙara, ba ta zama a wannan teku. Kwafo aka yi daga wani wuri, hukumar da ke sa ido kuma ta amince. Daga nan na fahimci cewa alhakin kamfani yana farawa tun ranar da ya sa hannu cewa zai iya shawo kan rijiya idan ta ƙwace. In ya sa hannu ba tare da kayan aikin a ƙasa ba, ya riga ya ci amana, ko da rijiyar ba ta taɓa yoyo ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka aka yi a Macondo. A watan Mayu an sauke wani ƙaton akwatin ƙarfe don a kifa shi kan wurin yoyon. Sanyi da matsin ruwan zurfi suka sa gas ya haɗu da ruwa ya daskare kamar ƙanƙara, ya toshe akwatin. Sai aka koma ɗura laka mai nauyi daga sama don ta danne man, har da cusa tarkacen roba da ƙwallayen golf. Ita ma ba ta yi ba. Duk wannan da na'urori masu nutso ake yi, domin ɗan Adam ba ya iya aiki a wannan zurfin. Kuma ba a nan aka fara ba: rijiyar Ixtoc ta ƙasar Meziko ta fashe a 1979, ta yi wata kusan goma tana zuba, an kuma gwada dabaru irin waɗannan. Shekara talatin fasahar haƙa tana ta gaba, fasahar toshewa tana tsaye.

Sai maganar adadi, wadda nake ganin ɗalibai ba sa ba ta muhimmancin da ya kamata. Da farko an ce ganga 1,000 ke fita a rana, daga baya aka ce 5,000. Ƙiyasin masanan gwamnati ya zo ya nuna ya haura 50,000. Wani zai ɗauka wannan batun kare suna ne kawai. A wurin injiniya kuwa, adadin shi ne ginshiƙin lissafi: yawan lakar da za a ɗura, ƙarfin famfo, girman jiragen da za su kwashe man, duka a kansa suka dogara. Dabarar ɗura laka ba ta cin nasara idan ƙarfin fitar man ya wuce wani mizani. Wanda ya rage adadi ya ɓata wa masu gyara hanya, masunta da masu kamun jatan lande a gaɓar teku su ne suka biya kuɗin jinkirin.

Na kuma ga yadda laifi ke narkewa idan hannu ya yi yawa. BP ke da rijiyar, Transocean ke da dandamalin da yawancin ma'aikatansa, Halliburton ya zuba siminti. A gaban majalisar dokoki kowa ya nuna ɗan'uwansa. Aikin ya riga ya makara, kashe kuɗi ya wuce kasafi, a ranar haɗarin kuma gwajin matsi ya nuna alamar matsala amma aka yi masa fassarar da za ta bari a ci gaba. Na'urar da ke bakin rijiya, wadda ya kamata ta datse bututun ta rufe, ta gaza. A 2014 alƙali Carl Barbier ya yanke cewa BP ya yi mummunan sakaci, ya ɗora masa kashi 67 na laifin, Transocean 30, Halliburton 3. Hukuncin ya yi mini daidai, domin mai lasisin rijiya shi ke zaɓar 'yan kwangila, shi ke da ikon cewa a dakata.

BP ya biya, kuma ya biya da yawa: asusun diyya na dala biliyan 20 a 2010, sai sulhun dala biliyan 20.8 da gwamnatin tarayya da jihohi a 2015. Ban raina wannan ba. Sai dai murfin da ya tsayar da man a ƙarshe cikin makonni aka ƙera shi, bayan masifa ta auku. A watan Yulin 2010 ne kamfanonin ExxonMobil, Chevron, ConocoPhillips da Shell suka sanar da haɗa dala biliyan 1 don a tanadi irin waɗannan kayan toshewa a ajiye cikin shiri. Kuɗin suna da shi tun kafin Afrilu, ilimin ma akwai, babu dai wanda ya tilasta musu.