Wasiƙa daga Ailan: Makaɗan da suka tashi daga kan kujera

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Bayan haka, ina so in ba ku labarin wata ƙungiyar makaɗa ta ƙasar Ailan, inda nake zaune, wadda har yau dattawa ke ambaton ta da ƙauna. Sunanta Clipper Carlton, daga garin Strabane na yankin Tyrone, a bakin iyakar da ta raba Ailan ta Arewa da Jamhuriyar Ailan.

A ƙarshen shekarun 1940 ba ta da bambanci da sauran makaɗan rawa na zamanin, irin ƙungiyar Mick Delahunty ta garin Clonmel. Makaɗa kan zauna kan kujeru cikin baƙar kwat, kowa idonsa na kan takardar kiɗan da ke gabansa, ba wanda ya damu da kallon su. A tsakiyar shekarun 1950 ne 'yan Clipper Carlton suka kawar da kujerun da takardun, suka sa kaya masu launi, suka miƙe tsaye suna busa ƙaho suna taka rawa. Sun kuma ware wani sashe na dare don barkwanci da kwaikwayon fitattun mawaƙan Amurka, har masu rawa su tsaya cik su taru gaban dandamali. Daga nan salon da ake kira showband ya samo asali.

Sai an san halin da ƙasar take ciki sannan za a gane girman wannan abu. A shekarun 1950 kaɗai, mutum kusan 400,000 suka bar Ailan saboda rashin aiki, yawancinsu zuwa Ingila. Matasan da suka rage a ƙauyuka ba su da wurin haɗuwa sai zauren rawa, inda ba a sayar da giya sai lemo, maza a gefe guda mata a gefe guda, kuma a nan ne iyaye da kakannin mutane da yawa suka fara ganin juna. 'Yan kasuwa suka yi ta gina manyan zaure a karkara, cikinsu har da Albert Reynolds, wanda ya zama firaminista a 1992. Idan azumin Kirista na kwana 40 ya kama, sai a rufe zaurukan, kamar yadda bukukuwa ke lafawa a gida cikin Ramadan, makaɗan kuma su bi 'yan ci-ranin ƙasarsu zuwa Amurka da Landan, musamman zauren Galtymore na unguwar Cricklewood.

Ɗaruruwan ƙungiyoyi suka bi sawun 'yan Strabane. Royal Showband ta garin Waterford, wadda Brendan Bowyer ke wa waƙa, ta shahara har Beatles, mawaƙan Ingila da daga baya suka yi suna a duniya, ne suka buɗe mata fage a Liverpool a 1962.

Akwai masu raina waɗannan makaɗa, suna cewa waƙoƙin wasu kawai suke maimaitawa. Ban yarda wannan ya isa a raina su ba. Mutumin da ke kiɗa awanni a tsaye, ya kwana a mota, washegari ya faranta ran wani gari, ya san sana'arsa, kuma a cikinsu fitattun mawaƙa irin su Van Morrison da Rory Gallagher suka goge. Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda suke ƙetare iyaka su tara 'yan Katolika da 'yan Furotesta a zaure guda, duk da rikicin da ke tsakanin ɓangarorin biyu a Ailan ta Arewa.

Wannan ne ya sa daren 31 ga Yuli, 1975 ya yi wa mutanen nan ciwo. 'Yan bindigar UVF, wata ƙungiyar 'yan Furotesta mai ɗauke da makamai, sanye da kakin soja suka tare motar Miami Showband ta Dublin tana dawowa daga wasa a garin Banbridge na Ailan ta Arewa, suka kashe makaɗanta uku, Fran O'Toole da Brian McCoy da Tony Geraghty. Makaɗan kudu da yawa suka daina zuwa arewa, a lokacin da dama gidajen disko da mashaya masu kiɗa suka riga suka janye matasa daga zaurukan. Galtymore ta jure har zuwa 2008 kafin a rufe ta.

Naku,
Wani ɗan uwanku daga Dublin