Fitilar zaurenmu ta daina ƙona rizisto

Jama'a Alhamdulillahi, fitilar nan da nake ta fama da ita ta zauna. Mako guda kenan tana ci daga magariba har yara su tashi daga karatu, babu hayaƙi babu warin roba. Ga waɗanda ba su san zancen ba, batir ne na 12V 7Ah irin na cikin UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, da ƙaramin sola a kan rufin gidanmu nan Nima a Accra, don kada dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ya ƙara hana yara karatun dare.

Tsarin farko LED ɗaya ne, wato ɗan ƙwan da ke ba da hasken, mai wat 1, irin mai cin 3.2V da 350mA. Batir in ya cika yana kan 12.6V, ka cire 3.2 saura 9.4V, ka raba da 0.35A ya ba ka kusan om 27, girman rizisto ɗin da za a sa kenan, wato ɗan abin da ke rage lantarkin da ke shiga LED don kada ya ƙone. Lissafin om ɗin lafiya lau, wat ɗin ne bala'i. 9.4 sau 0.35 ya haura wat 3, a kan rizisto kaɗai fa, shi LED ɗin da ake yi dominsa wat 1 da ɗan kai yake samu. Ɗan ƙaramin rizisto ɗin nan na kwata wat ko ƙiftawar ido bai yi ba ya yi baƙi. Na sa farin nan na siminti mai wat 5, bai ƙone ba amma yatsa ba ya iya zama a kai, wato dai kashi uku cikin huɗu na cajin batir zafi yake zama. Ban yarda da wannan asara ba.

Sai na jera LED uku bi da bi, suka cinye 9.6V, saura 3V kacal, na sa om 10, lantarkin da ke wucewa 0.3A, zafin rizisto 0.9W. Da dare kam sai ka ce shagon Alhaji.

To a nan ne abin ya tsaya min a wuya. Da dare lafiya, amma duk ranar da aka bar ta a kunne da rana sai farin hasken ya fara komawa shuɗi-shuɗi, alminiyam ɗin bayan LED ya ɗau zafi, daga baya ɗaya ya mutu ya kashe sauran tunda layi ɗaya suke. Na canja LED, na sake dalma, na zargi mai shagon da na saya a wurinsa har na ƙudurta ba zan koma ba. Ashe bawan Allah ba ruwansa. Ranar Juma'a bayan an sauko na ɗora mitar auna lantarki a kan batir ana tsaka da rana, 14.3V! Sola na caji, batir ba ya nan a 12.6 ɗin da na yi lissafi da shi. LED ukun nan ba sa ƙara cin volt sosai, don haka kusan duk rarar a kan rizisto take sauka, daga 3V zuwa wajen 4.7V, a om 10 kuwa wannan ya doshi 0.47A. Volt ya ƙaru da ƙasa da 2 amma lantarkin ya ƙaru da fiye da rabi, LED mai 350mA ina zai kai wannan.

Yanzu om 15 ne a ciki, na siminti, a jikinsa an buga 5W15RJ, J ɗin nan kashi 5 cikin 100 ne sama ko ƙasa. Kuma na daina yanke waya don auna amp, fis ɗin mitata ya sha wuya ya isa haka. Volt nake aunawa a ƙafafun rizisto biyu in raba da 15. Da dare 3.3V, wato 0.22A, wat 0.7. Da rana 4.6V, wato 0.31A, wat 1.4, duk a ƙasa da 350mA, rizisto ɗumi kawai yake yi. Haske ya ɗan ragu, gaskiya, amma ana karanta allo sarai, kuma 0.22A a batir mai 7Ah ko rabinsa kawai ka yarda ka sha kana da awa 15 da ɗoriya.

Abin da ya yi min ciwo kuɗi ne, tsakanin LED ɗin da suka mutu da kuɗin trotro, motar haya, zuwa Zongo Lane inda ake sayar da kayan lantarki da dawowa na tashi sama da sidi 60, a kan rizisto ɗin da bai kai kuɗin koko da ƙosai ba.

Inna ta ce ita ma tana son ɗaya a madafi, sai in ƙara layi na biyu da nasa rizisto daban, ba zan haɗa su kan guda ba. Ina kuma tunanin sa LM317, wani ɗan abu mai daidaita lantarki, ya riƙe shi a tsaye, 1.25V ɗin da yake riƙewa raba 0.3A ya ba da rizisto mai wajen om 4.2, sai dai shi ma yana son rarar kusan 3V, ni kuwa da dare iyakar abin da nake da shi kenan, batir na ɗan sauka zai fara dusashewa. Wanda ya taɓa gwada shi da LED uku a kan 12V don Allah ya faɗa min abin da mitarsa ta nuna kafin in sake hawa trotro.