Koyar da Turanci a ƙasar waje: hanyar da na bi daga Kano

Fasfo ne ya fara tare ni. Koriya ta Kudu, alal misali, bizarta ta malaman Turanci kusan ta 'yan ƙasashe bakwai ce kawai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ireland, Ostiraliya, New Zealand da Afirka ta Kudu. Najeriya ba ta ciki, ko da mutum ya yi digirinsa na Turanci a Jami'ar Bayero ya fito da sakamako mafi daraja. Shi ya sa na daina ɓata lokaci a can, na karkata wajen Saudiyya, inda digiri da takardar ƙwarewa suka fi yin magana.

Takardar da na ga tana da nauyi ita ce CELTA ta Cambridge, shaidar ƙwarewa a koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne. Kwas ne na awa 120, ciki har da awa shida na koyar da ɗalibai na gaske, malami na zaune yana rubuta duk abin da ka yi, sai kuma aikin rubutu guda huɗu. Ana yin sa ta intanet, amma a Kano sai ka tanadi sola ko janareta da layin waya biyu, don idan wuta ta ɗauke kana tsakiyar darasin gwaji, makinka ne ke tafiya. Sauran takardun koyar da Turanci (TEFL) masu arha da ake gamawa a 'yan kwanaki ba tare da an shiga aji ba, makarantun kirki ba sa ko kallonsu.

Abin da kwas ɗin ya fi gyara mini shi ne yawan magana. Mu nan mun saba malami ya riƙe alli ya yi ta bayani, in ɗalibi ya kasa ganewa a juya masa da Hausa. A can babu Hausar da za ka fake da ita. Umarni gajere za ka bayar, ka nuna misali ɗaya, ka haɗa su biyu-biyu su yi magana, kai kuma ka zagaya kana saurare.

Takardu kuwa, jerinsu ba ya karɓar tsallake: Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ta fara tantance digiri, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje ta buga hatiminta, sai ofishin jakadancin ƙasar da za ka. Wanda ya fara da na ƙarshe, dawo da shi za a yi. Kafin duk wannan, a jera fasfo da digiri da katin NIN a kan tebur a duba suna harafi-harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya tsayar da komai har sai an je kotu an yi takardar rantsuwa.

Sai dillalai. Duk wanda ya ce ka shiga da bizar Umra ko ta ziyara, in ka isa a gyara, ka kama gabanka. Aiki da irin wannan biza laifi ne, ƙarshensa tara da kora. A kwantiragi na nemi a rubuta awannin aji daban da na zaman ofis, da wurin kwana, da tikitin dawowa. Kuɗin iƙama, wato takardar izinin zama, a kan mai ɗaukar aiki yake bisa dokar Saudiyya, kuma ba shi da ikon riƙe maka fasfo.